DUTSE MAI AMAN WUTA: DAGA INA WUTAR TAKE FITOWA?



Kwanan baya mun kai ziyara wata cibiyar karatun manya. Bayan an tashi daga darasi, wani dattijo ya tsayar da mu. Ya ce ya ji a rediyo wai wani dutse ya yi aman wuta a wata ƙasa, ya cinye gidaje da gonaki. Ya ce: "Malam, dutse ba itace ba ne, ba kara ba ne. Ƙaƙa zai kama wuta? Kuma mu da muke zaune gindin duwatsu, wata rana namu ma zai tashi?"

Tambaya ce mai kyau, kuma matambayi ba ya ɓata. Mun yi masa alkawarin amsa a cikin jarida, don kowa ya amfana. To, ga ta. Ku karanta sannu a hankali. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

MANOMIN DA DUTSE YA TSIRO A GONARSA

Bari mu fara da labarin wani manomi ɗan uwanku. Sunansa Dionisio Pulido. Yana noman masara a ƙauyen Parikutin, cikin ƙasar Meziko. Makonni kafin abin ya faru, mutanen ƙauyen suna jin rugugi kamar na aradu, alhali babu hadari a sama. Ƙasa kuma tana ɗan motsi.

Ran 20 ga watan Fabrairu na 1943, yana sharar gona, sai ya ga ƙasa ta tsage. Hayaƙi da toka suka fara fitowa, da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ya gudu gida ya faɗa wa mutane. Da dare suka hangi jajayen duwatsu suna tashi sama daga gonar.

Kafin kwana ɗaya ya cika, tudu ya tsaya a wurin, tsayinsa kamar mita 50. Bayan mako guda ya wuce mita 100. Haka ya yi ta amai har shekara 9. Da ya yi shiru a 1952, tsayinsa ya kai mita 424. Ya binne garuruwa biyu. A ɗaya daga cikinsu, majami'a ce kawai take leƙowa daga cikin baƙin dutse har yau. Mutanen garuruwan sun samu sun kwashe kayansu sun ƙaura, amma gonakinsu sun tafi ke nan.

Masana daga ƙasashe da yawa sun je sun zauna kusa da shi. Sun ga haihuwarsa, sun ga girmansa, sun ga mutuwarsa. Wannan ya koya mana abu na farko: ba dutse ba ne yake kama wuta. Abin da ya fito daga cikin ƙasa ne yake taruwa, har ya zama dutse. A lakkol, da Faransanci, ana ce masa bolkan. Mu da Hausa muna cewa dutse mai aman wuta.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN ƘAFAFUNMU

Duniyar nan da Allah ya shimfiɗa mu a kanta ƙwallo ce, kamar goruba. Goruba tana da ɓawo, da nama, da ƙwallo a tsakiya. Haka ita ma duniya take.

Ɓawon shi ne inda muke noma, muke gina rijiyoyi. A ƙarƙashin ƙasashe irin tamu kaurinsa kamar kilomita 35 zuwa 40 ne, wato tafiyar yini guda a ƙafa. A ƙarƙashin teku bai kai haka ba, kilomita 5 zuwa 10 ne kawai. Daga inda kake tsaye zuwa tsakiyar duniya kuwa, kilomita 6,370 ne. Kamar ka tashi daga Yamai zuwa Damagaram sau bakwai ke nan. Ka ga ashe ɓawon siriri ne ƙwarai.

Babu ɗan adam da ya taɓa huda ɓawon nan ya wuce. Rami mafi zurfi da aka taɓa ginawa da inji yana ƙasar Rasha, kuma ya tsaya a kilomita 12 da ƴan kai.

Amma an tabbatar da abu guda: kowane zurfi da zafinsa. Duk kilomita guda da ka nutsa, zafi yana ƙaruwa da kamar digiri 25 zuwa 30. Shi ya sa ruwan rijiyar burtsatse mai zurfi ƙwarai yake fitowa da ɗumi. Masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu suna sauka kusan kilomita 4, kuma sai an sanyaya musu iska kafin su iya aiki. Ku tuna, ranar da ta fi zafi a bazara takan kai digiri 45. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Tsakiyar duniya kuwa ta wuce digiri 5,000.

Daga ina wannan zafi? Wani kashinsa ya saura tun farkon halittar duniya, bai huce ba har yanzu. Wani kashin kuma daga wasu ma'adinai yake fitowa, irin su iraniyom da ake haƙowa a Arlit, waɗanda suke ba da zafi kaɗan kaɗan da kansu.

Naman da ke ƙarƙashin ɓawo ba ruwa ba ne. Dutse ne, amma zafi ya sa ya yi laushi, kamar ƙarfen da maƙeri ya sa a wuta ya yi ja. Bai narke ba, amma yana lanƙwasuwa. Yana motsi sannu sannu, ido ba ya gani.

ƘAƘA DUTSE YAKE NARKEWA?

Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne. Ya yi kama da ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke ta. Akwai manyan ɓangarori, kuma kowane yana tafiya bisa naman nan mai laushi. Tafiyar ba ta wuce ƴan santimita a shekara ba, daidai da yadda farcen hannunka yake tsiro. Galibin duwatsu masu aman wuta suna wajen ɗinkin nan, inda ɓangare ya haɗu da ɓangare.

Hanya uku ce dutse yake narkewa.

Ta farko, inda ɓangarori biyu suke rabuwa. Ku tuna da babbar mota in ta yi zafi a hanya. Muddin murfin lagireto yana rufe, ruwa ba ya tafasa. Da karen mota ya buɗe shi, sai ruwa ya yi tsartuwa. Haka dutsen can ƙasa yake. Yana da zafin da zai narke, amma nauyin da ke kansa ya danne shi. In ɓawo ya buɗe, nauyi ya ragu, sai wani sashensa ya narke. Haka yake faruwa a tsakiyar tekun Atlantika, da kuma gabashin Afirka, wajen Habasha da Kenya da gabashin Kwango, inda ƙasa take tsagewa a hankali.

Ta biyu, inda ɓangare yake kutsawa ƙarƙashin ɗan uwansa. Ƙasan teku ta daɗe tana shan ruwa. In ta nutsa kamar kilomita 100, zafi yana matse ruwan ya fita, ya shiga dutsen da ke samanta. Uwargida ta san in ta jefa kanwa cikin wake, yakan nuna da wuri. To, haka ruwa yake yi wa dutse mai zafi: yana sa shi narkewa da wuri. Irin wannan ya kewaye babban tekun Fasifik, daga Indunusiya da Filifin da Japan har zuwa yammacin Amurka da Meziko da Cile. Ana kiran wurin Zoben Wuta. Cikin duwatsu huɗu masu aman wuta, kamar uku suna can.

Ta uku, akwai wasu wurare da zafi yake tasowa daga can ƙasa sosai, ya huda ɓawo ko da babu ɗinki a wurin. Kamar ka riƙe tabarma bisa fitila, wuri guda ya ƙone. Tsibiran Hawai haka aka same su.

ME YAKE TURO SHI WAJE?

Narkakken dutse bai kai sandararren dutse nauyi ba. Don haka yakan taso sama, kamar yadda mai yake tasowa bisa miya. Yana bin tsaga yana hawa. Sau da yawa yakan tsaya a hanya, ƴan kilomita ƙarƙashin ƙasa, ya taru wuri guda. Mu kira wurin nan rumbu. Yana iya zama cikin rumbun shekara ɗari, ko dubu. Wani ma nan yake hucewa ya daskare, ba ya fitowa har abada.

Amma akwai iska a narke cikinsa: tururin ruwa, da iskar farar wuta, da wata iska mai nauyi da za mu yi maganarta nan gaba. Ku ɗauki kwalbar lemo a rufe. Ba ka ganin kumfa a ciki. Girgiza ta ka buɗe, sai ta yi feshi. Iskar tana nan tun farko, murfi ne ya tsare ta.

Haka abin yake. In sabon narkakken dutse ya ƙaru cikin rumbu, rumbun ya cika, sai ya tsaga dutsen da ke kansa. Da ya kama hanyar sama, nauyi yana raguwa, iska tana zama kumfa, kumfa tana kumbura, tana tura shi da ƙarfi ta cikin maƙogwaron dutsen har ya fito ta baki. Wannan shi ne aman.

Ashe ba wuta ba ce irin ta murhu, don babu itacen da ke ci. Dutse ne ya yi zafin digiri 700 zuwa 1,200, ya yi ja yana haske. In ya huce yakan yi baƙi, ya yi kama da kashin maƙera. Abin da ake gani kamar hayaƙi kuma, tururi ne da garin dutse.

KUNU DA TUWO

Ba duk duwatsun nan ne halinsu ɗaya ba. Mata za su fi kowa gane dalili.

In kunu mai ruwa ruwa yana tafasa, kumfa tana fita ba wahala. In ya yi yawa sai ya malalo ta bakin tukunya. Amma in tuwo ya yi kauri, tururi ba ya samun hanya. Sai ya kumbura, ya fashe, ya fantsamo ya ƙone hannun mai tuƙi.

Narkakken dutse mai ruwa ruwa yakan malalo kamar gulbi ja. Yana ƙone duk abin da ya tarar, amma sau da yawa mutane suna samun gudu. Mai kauri shi ne mugu. Yakan toshe maƙogwaron dutsen, iska ta taru a baya shekara da shekaru. Ranar da ya ɓalle, ƙarar takan kai ɗaruruwan kilomita, kuma kan dutsen ma yana iya tashi.

ABIN DA DUTSEN YAKE FITARWA

Na ɗaya, gulbin wuta. A gabashin Kwango akwai dutsen Niragwango, kusa da birnin Goma. Nasa mai ruwa ruwa ne ƙwarai, yana gudu. Ran 17 ga Janairu na 2002 gefen dutsen ya tsage. Gulbin ya ratsa tsakiyar birnin, ya rufe wani sashe na filin jirgin sama, ya zuba cikin tabkin Kibu. Mutane wajen 400,000 suka gudu, da yawa zuwa Ruwanda. Fiye da 100 suka rasu. Ya sake yi a watan Mayu na 2021.

Na biyu, toka. Ba irin tokar murhu ba ce mai laushi. Garin dutse ne mai kaifi kamar niƙaƙƙiyar kwalba. Tana ɓata ido da huhu. Tana rufe ciyawa, dabbobi su rasa abin ci. In ruwan sama ya jiƙa ta bisa rufin ɗaki, nauyinta yana rushe shi. Tana kashe injin jirgin sama. A watan Afrilu na 2010, tokar wani dutse na ƙasar Aisland ta tsai da jirage a Turai kusan mako guda.

Na uku, gajimare mai ƙuna. Toka ce da iska mai tsananin zafi suke gangarowa tare, sun fi mota gudu. Ran 8 ga Mayu na 1902, irin wannan ya sauko daga dutsen Pele a tsibirin Martinik. Cikin ƴan mintoci ya hallaka mutanen birnin San Piyer, wajen 28,000.

Na huɗu, laka. In toka ta gamu da ruwa mai yawa, takan zama ambaliyar laka, ta bi ƙorama ta yi nisa.

Na biyar, iska mai kisa. Wannan a maƙwabtanmu ya faru, don haka bari mu tsaya a kansa.

DAREN TABKIN NIYOS

A arewa maso yammacin Kamaru, kusa da iyakar Nijeriya, akwai wani tabki da ake kira Niyos. Yana cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta. Zurfinsa ya kai mita 200. Ƙasar wurin tana da albarka. Manoma suna noma, Fulani suna kiwon shanu.

Dutsen ya daɗe bai yi amai ba, amma iskar nan mai nauyi tana tsattsafowa daga ƙasa, tana narkewa cikin ruwan ƙasan tabkin. Da Faransanci ana ce mata gaz karbonik. Ita ce ke sa lemo kumfa, ita ce kuma muke fitarwa in mun yi numfashi. Kaɗan ba ta cuta. In ta yi yawa sai ta kori iskar da muke shaƙa.

Ran 21 ga Agusta na 1986, da dare, tabkin ya buɗe kamar kwalbar lemo. Iskar ta fito gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar duniya nauyi, ba ta tashi sama ba. Sai ta bi kwari tana gangarowa kamar ruwa, har kusan kilomita 25. Ba ta da launi, ido ba ya ganinta. Ta tarar da mutane cikin ɗakunansu. Da gari ya waye, mutum 1,746 sun rasu, da dabbobi wajen 3,500. Gidaje suna tsaye, itatuwa suna tsaye, ba abin da ya ƙone. Da yawa cikin waɗanda suka tsira suna kan tudu ne. Shekara biyu kafin nan, a 1984, tabkin Monun na Kamaru ya kashe mutum 37 ta wannan hanya.

Da masana suka gane dalili, sai aka nemi magani. A 2001 aka kafa dogon bututu cikin tabkin, yana fitar da iskar kaɗan kaɗan dare da rana. A 2011 aka ƙara biyu.

Akwai darasi a nan ga masu ginar rijiya da masu yasa. Wannan iska takan kwanta a ƙasan tsohuwar rijiya ko rami mai zurfi, ko da babu dutse mai aman wuta a kusa. Kafin mutum ya sauka, a zura fitila mai ci da igiya. In ta mutu, kada kowa ya shiga. In wani ya suma a ciki, kada ɗan uwansa ya faɗa bayansa ba igiya, don shi ma zai suma.

DUTSE YAKAN YI SALLAMA

Ba wanda zai iya hana dutse amai. Wannan ikon Allah ne. Amma galibi yakan ba da alama. Ƙasa tana yawan girgiza. Gefen dutsen yana kumbura. Warin farar wuta yana ƙaruwa. Ruwan maɓulɓula yana canja zafi. Masana suna da na'urori masu jin motsin ƙasa, kuma tauraron ɗan adam yana auna kumburin daga sama. Ba sa iya faɗin rana da sa'a daidai, amma suna iya cewa lokacin tashi ya yi.

Ku dubi labari biyu. A ƙasar Kolombiya, dutsen Ruyiz ya yi wata da watanni yana ba da alama. Masana sun zana taswira ta nuna garin Armero yana kan hanyar laka. Ba a kwashe mutane ba. Ran 13 ga Nuwamba na 1985 dutsen ya yi amai, ya narkar da ƙanƙarar da ke kansa. Laka ta iso garin cikin dare, bayan sa'a biyu da rabi. Mutum wajen 23,000 suka hallaka, alhali tudu yana kusa da su.

A ƙasar Filifin kuwa, dutsen Pinatubo ya farka a 1991, bayan barcin shekara wajen 500. Masana suka yi gargaɗi, hukuma ta ji, jama'a suka yarda suka tashi, dubun dubai. Ran 15 ga Yuni ya fashe. Amansa ya fi na Ruyiz girma nesa ba kusa ba. Duk da haka waɗanda suka rasu ba su kai 1,000 ba. Bambancin shi ne, nan an ji magana, can ba a ji ba. Rigakafi ya fi magani.

A ƘASARMU FA?

Yanzu mu koma ga tambayar dattijo. Ku kwantar da hankalinku. Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai suna tsakiyar ɓangaren Afirka, nesa da ɗinki. Babu dutse mai rai a cikinsu.

Amma ƙasarmu ta ga wuta a zamanin da. Manyan duwatsun Damagaram da na Muniyo wajen Gure, narkakken dutse ne da ya huce tun shekaru miliyoyi, kafin a yi ɗan adam. Iska da ruwa suka yaye ƙasar da ta rufe su. Sun mutu murus, ba za su tashi ba. A Abzin akwai tsofaffin duwatsu masu aman wuta da yawa, ana ganin bakinsu da baƙaƙen duwatsun da suka zubar. Sun daɗe da yin shiru. A Tafadak, arewa da Agadas, ruwan zafi yana ɓulɓulowa daga ƙasa, mutane suna zuwa wanka don sanyin ƙashi.

A Cadi, cikin duwatsun Tibasti, akwai Emi Kusi mai tsayin mita 3,415. Babu wanda ya kai shi tsayi a duk Sahara. Can kuma akwai wani ƙaton rami, tsohon bakin dutse, wanda ƙasansa ta yi fari fat da kanwa. A Nijeriya akwai matattu a tudun Biyu da na Jos. Mai rai da ya fi kusa da mu shi ne Dutsen Kamaru, bakin teku, wanda ya wuce mita 4,000. Ya yi amai a 1982 da 1999 da 2000. A 1999 gulbinsa ya datse hanyar mota ta bakin teku. Ƴan ci rani masu zuwa can su sani, kuma in hukuma ta ce a tashi, su tashi.

Alhazai ma sun ga irin wannan dutse. Baƙaƙen duwatsun da suka kewaye Madina tsohon aman wuta ne. A shekarar 1256, wato 654 ta Hijira, ƙasa ta tsage kusa da birnin. Wuta ta yi kusan wata biyu tana malala, ta tsaya ƴan kilomita kafin ta iso gari. Malaman tarihi na lokacin sun rubuta labarin.

DUTSE MAI NISA DA DAMANARMU

Kada wani ya ce, tun da babu shi a nan, ina ruwanmu. Akwai ruwanmu, kuma ruwan sama ne.

Kun san hazon hunturu yadda yake dushe rana, gari ya yi sanyi. In babban dutse ya fashe, yakan harba iskar farar wuta can sama, birbishin gajimare, inda ruwan sama ba ya wanke ta. Sai ta zama siririn hazo, ta kewaye duniya, ta yi shekara ɗaya ko biyu tana tare hasken rana. Bayan Pinatubo, zafin duniya ya ragu da kamar rabin digiri. Bayan dutsen Tambora na Indunusiya ya fashe a 1815, sanyi ya kashe amfanin gona a Turai da Amurka a 1816, aka yi yunwa.

Damanarmu zafi ne yake jawo ta. In ƙasar arewa ta yi zafi, iskar teku mai ɗauke da ruwa takan taso daga kudu ta iso mana. In hazon nan ya sanyaya arewacin duniya, iskar ba ta hawowa sosai, ruwa ya tsaya a kudu. Masana sun lura da haka cikin tarihi. A 1912 wani babban dutse ya fashe a Alaska. A 1913 aka yi farin da ya kawo yunwar Kakalaba. A 1982 dutsen El Cicon na Meziko ya fashe. A 1983 da 1984 ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai, kuma dattijanmu ba su manta yunwar 1984 ba. Fari yana da dalilai da yawa, kuma farin 1984 ya zo cikin jerin shekaru marasa ruwa. Amma masanan suna ganin duwatsun nan sun ƙara wa abin nauyi.

Darasin a fili yake. Abin da ya faru a bangon duniya yana iya taɓa rumbunka. Shekarar da aka samu albarka, kada a sayar da hatsi duka da kaka. A ajiye iri mai saurin nuna. A riƙe rumbun tsimi na gari da amana.

BA SHARRI KAƊAI BA NE

Me ya sa mutane miliyoyi suke zaune gindin duwatsun nan? Saboda ƙasa. In toka ta daɗe ta ruɓe, takan zama taki mai ƙarfi. A tsibirin Jaba na Indunusiya ana girbin shinkafa sau biyu ko uku a shekara. A gindin Dutsen Kamaru akwai manyan gonakin ayaba da kwakwar manja da roba da shayi.

Zafin ma yana da amfani. A Kenya ana gina rijiyoyi masu zurfi, tururi ya fito ya juya inji. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na lantarkin ƙasar daga nan yake fitowa. A Aisland da ruwan zafin ƙasa ake ɗumama galibin gidaje. Kuzar da aka yi ta haƙa a Jos da Abzin, narkakken dutse ne ya kawo ta kusa. Baƙin dutsen ana fasa shi a yi hanya da gini. Akwai ma wani mai ramuka, wanda kumfa ta cika shi har yana yawo bisa ruwa, ana goge kaushi da shi.

To, Baba, ga amsar tambayarka. Dutsen bayan gidanka ba zai kama wuta ba. Ka ci gaba da shanya hatsinka a kansa.

TAMBAYOYI DON MAHAWARA A CIBIYA

1. Goruba tana da kashi uku. Ƙaƙa suka yi kama da duniya?
2. Me ya sa narkakken dutse mai kauri ya fi mai ruwa ruwa haɗari?
3. Me ya kamata a yi kafin a shiga tsohuwar rijiya?
4. Me ya bambanta mutanen Armero da na Pinatubo?
5. Akwai rumbun tsimi a garinku? In babu, me ya hana?

Ku tattauna da malaminku. Wanda yake da wata tambaya ya rubuto mana da hannunsa, ko layi biyu ne. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyashe mu da dabbobinmu. Amin.